Yadda ake haɗa sikwensa mai taku takwas a gida, da yadda ake watandar kayanta a Legas

Sikwensa na'ura ce da ake jera wa sautuka, ita kuma ta riƙa maimaita su bi da bi ba tare da an sake taɓa ta ba. Wanda ya taɓa zama a situdiyo ya ga ana jera kiɗa a FL Studio ya riga ya san aikinta, don ƙananan akwatunan nan da ake dannawa a fuskar kwamfuta daga irin wannan na'ura aka kwaikwayo su. Tun cikin shekarun 1960 su Don Buchla da Robert Moog suke ƙera ta a Amurka. Wadda za mu haɗa ƙarama ce: taku takwas, kowane taku da bolum ɗinsa na saita sauti, da ƙwan LED mai nuna inda aka kai, da makunnin da ke sa shi ya yi shiru. Tana da sifikarta, ba ruwanta da kwamfuta ko data.

Na rubuta wannan ne musamman domin samarinmu masu gyaran waya da rediyo da amfilifaya a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Ojo. Hannun da ya iya canza wurin cajin waya ya fi ƙarfin wannan aiki nesa ba kusa ba. Inda ake faɗuwa shi ne wajen sayen kaya. Mutum ɗaya in ya tashi nemo bolum goma sha ɗaya da aisi huɗu (IC, ƙananan baƙaƙen kayan nan masu ƙafafu a jere), kuɗin mota ya kusa kamo kuɗin kayan, ga farashin ɗai-ɗai, ga jabu. Mafita ita ce a haɗa kuɗi a yi watanda, kamar yadda ake yi wa sa a jajibirin Sallah. Amma da sharaɗi guda wanda ba na sassautawa a kansa: kada a karɓi ko sisin kowa sai an haɗa guda ɗaya ta gwaji, ta yi kuka a gaban jama'a.

Abin da ke cikinta

Aisi huɗu ne ke ɗauke da aikin. Na farko NE555, wanda Hans Camenzind ya tsara, kamfanin Signetics ya fito da shi a 1972, har yau kuma ba a daina ƙera shi ba. Shi ne mai bugu, shi ke faɗin saurin kiɗan. Na biyu CD4017, mai ƙirga. Yana da ƙafafun fita goma, duk bugu ɗaya sai ya ɗauke wuta daga wannan ƙafa ya mayar wa ta gaba. Na uku CD4046, wanda ke juya ƙarfin wuta ya zama sauti: in wutar da ke shiga ƙafarsa ta 9 ta yi sama sautin ya sirance, in ta yi ƙasa ya yi kauri. Na huɗu LM386, ƙaramin amfilifaya mai tura sifika.

Wasu sukan sa wani 555 ɗin a madadin CD4046. Ban ba da wannan shawara ba, domin ƙafar da ake sarrafa sautinsa da ita tana jan wuta daga bolum, dole sai an ƙara wani aisi a tsakani, sannan sautin nasa a juye yake tafiya. CD4046 kusan ba ya jan komai, kuma yana da ƙafar da ake rufe masa baki da ita, wadda za ta yi mana amfani ƙwarai.

Ga kayan na'ura guda. Ka kwafe su a takarda da lambobinsu, don a kasuwa lamba ake ji, ba bayani ba:

- NE555P, CD4017BE, CD4046BE da LM386N, ɗaya-ɗaya, da soket (mazaunin aisi) mai ƙafa 16 guda biyu, mai ƙafa 8 guda biyu
- bolum B100K guda 10, A10K guda 1, da hulunansu
- dayod 1N4148 guda 17, ƙwan LED guda 8
- risista 4.7k guda 9, 100k guda 3, sai 1k, 10k da om 10 ɗaya-ɗaya
- kafasita 100nF guda 4, 10nF guda 2, 47nF guda 1, sai 1µF, 10µF, 100µF da 220µF ɗaya-ɗaya
- makunni guda 9, sifika mai om 8, rigulato 7809, adafta mai bolt 12, allon Vero (mai ramuka da layukan tagulla, wanda ake soda kaya a kansa) da waya

Haɗin gwaji a kan biredibod

Biredibod shi ne allon roba mai ramuka da ake soka kaya a ciki a gwada ba tare da soda ba. Ka ajiye aisi ka dube shi daga sama, ɗan ramin da ke bakinsa yana hagunka. Ƙafa ta 1 ita ce ta ƙasa a hagu, ƙirga kuma ta bi dama, ta hau sama, ta dawo hagu. Wutar gwaji batir mai bolt 9 ya isa. Kowane aisi ka sa masa kafasita 100nF tsakanin fozitif da nagatif, dab da jikinsa, sannan 100µF guda a inda wuta ke shigowa. Kada ka raina waɗannan ƙananan. NE555 yana fizgar wuta duk lokacin da ya buga, in babu su sai ka ga mai ƙirga yana tsallake taku.

Fara da mai bugu kaɗai. Ƙafa ta 8 da ta 4 zuwa fozitif, ta 1 zuwa nagatif. Risista 1k daga fozitif zuwa ƙafa ta 7. Daga ta 7 zuwa ta 6 ka jera risista 4.7k da bolum B100K, ƙafarsa ta tsakiya da ɗaya ta gefe. Haɗa ta 6 da ta 2 da guntun waya, ka sa kafasita 10µF daga ta 2 zuwa nagatif, gefen da ke da zane yana nagatif. Ƙafa ta 5 ta samu 10nF zuwa nagatif. Bugun yana fita ta ƙafa ta 3. Da waɗannan ma'aunai saurin zai tashi daga ƙasa da bugu ɗaya a daƙiƙa har kusan 14. Ka ɗora LED da risista a ƙafa ta 3 ka ga yana ƙiftawa, ka murɗa bolum ka ga saurin ya canza. Sai hakan ta tabbata za ka matsa gaba.

Sai CD4017. Ƙafa ta 16 fozitif, ta 8 da ta 13 nagatif, ta 14 ta karɓi bugu daga ƙafa ta 3 ta NE555. A nan ne ake rikicewa, saboda ƙafafun fitarsa ba a jere suke ba. Taku na ɗaya zuwa na takwas ga yadda suke: ƙafa ta 3, 2, 4, 7, 10, 1, 5, 6. Ka rubuta wannan jeri ka manna a bango. Taku na tara yana ƙafa ta 9, shi kuma ba ma son sa, don haka ka ja waya daga ta 9 zuwa ta 15. Da zarar ƙirga ta kai nan sai ta koma farko nan take. Kowace ƙafar fita ka ba ta LED ta hanyar risista 4.7k zuwa nagatif. Na san masu gyara sun saba da risista mai om 330 ko 470 a kan LED, amma wannan aisi ba shi da ƙarfin ba da wuta mai yawa. In ƙwan ya shanye ta, abin da zai rage wa sauti zai ragu. Ƙwayayen yanzu suna haske sosai ko da 4.7k.

In fitilu takwas suna gudu a jere suna dawowa, rabin aiki ya ƙare.

Yanzu bolum takwas. Kowanne, ƙafar gefe ɗaya ta tafi ƙafar fitar takunsa, ɗaya gefen nagatif, ta tsakiya kuma ta bi ta dayod 1N4148 zuwa layi guda da dukkansu za su haɗu a kai. Baƙin zoben dayod ya kalli layin haɗuwar. Aikin dayod ɗin shi ne ya hana wutar takun da ke aiki zurarewa ta sauran bolum bakwai da ke kwance. In ka juya ko da guda ɗaya, wannan takun zai mutu kuma ya ja sauran ƙasa. Sa risista 100k daga layin zuwa nagatif, sannan ka kai layin ƙafa ta 9 ta CD4046.

Shi CD4046, ƙafa ta 16 fozitif, ta 8, ta 3 da ta 14 nagatif. Kafasita 10nF tsakanin ta 6 da ta 7. Daga ta 11 zuwa nagatif ka jera risista 10k da bolum B100K na ƙarshe, wanda zai riƙa ɗaga ko sauke dukkan sautukan gaba ɗaya. In sautin ya yi maka tsini da yawa, canza kafasitar zuwa 22nF ko 47nF. Sauti yana fita ta ƙafa ta 4.

Ƙafa ta 5 ta CD4046 ita ce na fi so a dukkan haɗin. In ta ga wuta, aisin ya yi shiru. Ka kawo bugun NE555 gare ta ta hanyar dayod, zoben yana kallon ƙafa ta 5, ka sa 100k daga nan zuwa nagatif. Abin da zai faru shi ne, lokacin da ƙirga ke sauya taku bakin a rufe yake, sai a rabin bugun na biyu sautin ya fito. Kowane sauti ya fita a rarrabe, tas, ba ya jan jela zuwa na gaba. Sannan daga kowace ƙafar fita ta CD4017 ka ja makunni da dayod zuwa wannan ƙafa ta 5 ɗin. Duk takun da ka kunna makunninsa ya zama shiru. Da waɗannan gurabe na shiru ake samun kiɗan da ke sa mutum gyaɗa kai, domin takwas cif ba numfashi ƙarar aradu ce kawai.

LM386 ba shi da wahala: ta 6 fozitif, ta 4 da ta 2 nagatif, ta 5 ta bi ta 220µF zuwa sifika, kuma daga ta 5 ɗin a jera om 10 da 47nF zuwa nagatif. Sautin CD4046 ya yi masa ƙarfi da yawa, sai ka bi da shi ta 1µF da risista 100k kafin ya shiga bolum A10K, tsakiyar bolum ɗin ta tafi ƙafa ta 3.

Wajen saita sauti, rage gudu har ƙasa, ka buɗe manhajar saita jita a wayarka, ka bi taku ɗaya-ɗaya. Ka fara da sautuka biyar, do, re, mi, so, la. Kunnen da ya tashi da garaya da gurmi da kukuma zai ji su kamar a gida, kuma duk yadda ka cakuɗa su da wuya su yi karo. Za ka lura in batir ya fara sanyi saitin ya zame, haka in ka ƙure sifika. Shi ya sa a na'urar gaske za mu sa adafta mai bolt 12 ta bi ta 7809, wanda ke tsayar da wuta a bolt 9.

Watandar kanta

Ranar da ta gwajin ta yi aiki, ka ɗauke ta ka kai majalisa, kowa ya murɗa da hannunsa. Wanda ya ji ya gani shi ne zai biya kuɗi ba tare da an yi ta bin sa ba. Jerin kayan da za a saya kuma daga jikin wannan biredibod ɗin za a kwafe shi, ba daga takardata ba, tunda wataƙila ka canza kafasita ko ka ƙara wani abu.

Mutum biyar zuwa goma ya fi daɗin sha'ani. In mutum goma ne, ana maganar bolum B100K guda 100, dayod 170, makunni 90. A wannan adadi ne mai shago zai daina yi maka farashin ɗai-ɗai ya koma na fakiti. A ƙara rara, kamar ɗaya a kan kowane goma na bolum da makunni, aisi kuma biyu ko uku na kowane iri, don sai wani ya ƙona nasa. Dayod da risista dama fakiti-fakiti suke zuwa.

A raba aiki uku. Ma'aji daban, kuma ya fi kyau ya zama dattijon da ake jin nauyinsa, ko maigidan shagon da yaran ke koyon aiki. Mai zuwa kasuwa daban, mai duba kaya daban. A sa ranar rufe karɓar kuɗi, a kuma karɓa cikakke. Maganar "Malam, sa min, zan kawo ranar Juma'a" ita ce ke kashe irin wannan tafiya, saboda farashin kayan nan da dala yake tafiya, abin da aka faɗa maka yau ba lallai ka same shi haka mako mai zuwa ba. Tun kafin a fita a rubuta abu uku kowa ya gani a zauren WhatsApp: kuɗin mota da na dako a kan kowa yake daidai wa daida, in farashi ya tashi za a cika, in ya sauka za a mayar da canji, wanda ya janye bayan an sayo, kayansa zai karɓa ba kuɗi ba. Kowane rasit a ɗauki hotonsa a tura tun ana bakin shagon. Ba don ana zargin kowa ba, don a rufe ƙofar zargin ne, zumunci ya fi bolum tsada.

Kasuwar Alaba International da ke Ojo ita ce uwa ga kayan lantarki, amma hanyar Badagry tana cin yini, a yi sammako. Ayan na soda, dalma, mita da abin tsotse dalma ana samun su a Computer Village da ke Ikeja, wajen masu kayan gyaran waya. Mutanen Agege yanzu suna da sauƙi, jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Ikeja da Oshodi, da katin Cowry ake shiga.

Mai zuwa kasuwa ya tafi da biredibod ɗin gwaji a cikin roba, da batir da mita. Ya ce wa mai shago, "Oga, zan gwada kafin in biya." Ya zare CD4017 nasa, ya ɗora na shagon, ya ga ko fitilu takwas za su gudu. Minti ɗaya ne. Aisin da aka goge aka sake bugawa lamba, ko wanda aka ciro daga tsohon allo aka miƙe masa ƙafafu, a nan asirinsa ke tonuwa. Ka dubi ƙafafun ma: in da ragowar dalma a jiki, ba sabo ba ne. Kada ka yarda a ba ka 74HC4017 ko 74HC4046 a ce ai duk ɗaya ne. Waɗannan iyakarsu bolt 6, bolt 9 zai hallaka su. Haka in lambar ta ƙare da BM maimakon BE, ƙaramin nan ne da ake mannawa a fuskar allo, ba zai shiga soket ba.

Bolum shi ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma ya fi ba da ciwon kai. Ka zaɓi kamar goma daga fakitin, ka auna gefe da gefe. Tsakanin 80k da 120k ba laifi. Sannan ka ɗora mita a tsakiya da gefe, ka murɗa a hankali. Lamba ta riƙa hawa sumul, in tana tsalle ko tana ɓacewa ka ajiye. A tsakiyar murɗi, mai harafin B zai nuna kusan rabi. Ka gwada hula a kan sandar tun a can, don akwai sanda mai tsaga-tsaga, akwai mai gefe ɗaya a shafe, hular wannan ba ta zama a kan waccan.

Odar waje, ta AliExpress ko LCSC ko ta hannun masu kago daga Guangzhou, tana da riba a kan aisi da bolum in adadin ya yi yawa. Sai dai ba ka gwadawa kafin ka biya, ga jira na makonni, ga kuɗin kwastan da na dako da dole a sa a lissafi. A guji yin oda dab da sabuwar shekarar Sin, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu rufewa suke yi. A ganina zagayen farko a saye komai a Legas. In an yi na biyu, wanda ya iya KiCad, manhajar zana allon lantarki, ya zana allo a aika JLCPCB, kamfanin buga allo a ƙasar Sin, inda ake bugawa daga guda biyar.

Ranar rabo a samo kiret ɗin ƙwai, kowane gurbi da irin kayansa, da ƙananan ledoji masu sunan kowa. Mutum biyu su ƙirga, mai kaya ya sake ƙirgawa a gabansu. Risista a bi launi: 4.7k rawaya, shunayya, ja. 1k ruwan ƙasa, baƙi, ja. 10k ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo. 100k ruwan ƙasa, baƙi, rawaya. Masu zobe biyar a auna su da mita kawai. Ƙananan kafasita lambarsu a jiki take: 103 shi ne 10nF, 473 shi ne 47nF, 104 shi ne 100nF. Rarar ta zauna wurin ma'aji.

Soda da akwati

Ayan mai wat 30 zuwa 40 ya isa. A kan allon Vero ka fara da soket, babu aisi a ciki, ka kankare layukan tagulla da ke tsakanin ƙafafun hagu da na dama. Ka bi tsarin da ka bi a gwaji, sashe-sashe, kana kunnawa bayan kowanne. 7809 in rubutunsa na kallonka, ƙafar hagu shiga, ta tsakiya nagatif, ta dama fita. Kafin ka zura aisi ko ɗaya, auna ka ga bolt 9 a ƙafar fozitif ta kowane soket. Adaftar kuwa a sayo ta a haɗe, kada wanda ya ce zai buɗe ta ya taɓa ɓangaren wutar NEPA.

Damshin Legas da iskar teku suna sa ƙafafun kaya su dushe, dalma ta ƙi kamawa. Ka ɗan kankare da reza har su yi ƙyalli. Kayan da ba a kai ga haɗawa ba a rufe su a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan damshi da ke zuwa a kwalin takalmi. A yi soda inda iska ke shiga, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a sa shi a kwano, dalma guba ce.

Akwatin roba na masu wayarin ya yi, ko kafinta ya yanka maka falle. Ramin bolum milimita 7, na LED milimita 5. Jera su layi uku, fitila a sama, bolum a tsakiya, makunni a ƙasa. Nagatif na bolum takwas waya guda ce ta bi ta kansu, dayod ɗin ma a jikin bolum za ka yi musu soda, sai waya ɗaya tak ta sauko allo daga layin haɗuwa.

In fitila ɗaya ta tsaya cak, duba ƙafa ta 13 da ta 15 na CD4017. In fitilu na gudu babu sauti, cire wayar ƙafa ta 5 ta CD4046 ka kai ƙafar nagatif. In ya yi kuka, matsalar tana dayod ɗin shiru. Mai son kiɗa mai tafiya uku-uku irin na kalangu ya ɗauke wayar da ke zuwa ƙafa ta 15 daga ta 9 ya mayar ta 5, na'urar ta koma taku shida. Kuma tunda kun zama ku goma masu na'ura iri ɗaya, ku fitar da bugu da nagatif a jikin akwati. Mutum ɗaya ya ba da bugun, sauran su zare NE555 nasu daga soket su karɓi nasa a layin ƙafa ta 3, wani a taku takwas da sauti mai kauri, wani a taku shida da siriri. Sai bayan bugu 24 za su sake haɗuwa a farko.